Linzami ne harshe ke buƙata: amsa ga wata ƴar'uwa daga Damagaram

Wata ƴar'uwa cikin Almasihu, matar aure mai ƴaƴa huɗu da ke zaune a gidan haya a unguwar Zango a nan Damagaram, ta aiko mini da tambaya. Ta ce ita mai bi ce tun tana yarinya, tana kuma cikin zumuntar mata, amma bakinta ya fi ƙarfinta: a layin famfo takan yi cacar baki, a gida takan zagi yara, ga kuma ƙanwar mijinta da suka shafe watanni ba sa ga maciji. Ta ce ta gwada yin shiru, sai abin ya rikiɗe ya koma habaici, har mijinta ya ce gara faɗan da wannan gabar. Tambayarta ita ce, yaya mai bin Yesu zai kame bakinsa, ya yi magana da alheri, ba tare da ya zama munafuki ko abin takawar kowa ba?

Ƴar'uwa, na gode da kika faɗi abin yadda yake, ba ki yi masa kwalliya ba. Na daɗe ina koyar da Littafi Mai Tsarki, na kuma zauna sulhu tsakanin ma'aurata da dangi sau da yawa, kuma abin da na gani shi ne, mafi yawan rigingimun da suka kai gaban dattawan ikilisiya magana ce ta haife su, wata ma an manta asalin abin da ya jawo ta, sai kalmar da aka faɗa ce ta rage a zuciya tana ci kamar gara. Saboda haka tambayarki ta shafe mu duka, har da mai ba ki amsa.

Zan fara da abin da mijinki ya lura da shi, domin a ganina nan ne bakin zaren yake. Manzo Yakubu, a sura ta 3 ta wasiƙarsa, ya kwatanta kame harshe da linzamin da ake sa wa doki a baki domin a juya jikinsa duka. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla ya san abin da ake nufi. Mahayi yakan sako doki a guje kamar zai afka cikin jama'a, sai ya ja linzami a daidai inda yake so, dokin ya turje, ƙura ta tashi, a yi jinjina. Dokin nan ƙarfinsa yana nan yadda yake, kuma ba a ɗaure shi a turke ba. Abin da ya sa ya zama abin sha'awa shi ne akwai hannun da ke sarrafa ƙarfin. Abin da kika yi wa kanki lokacin da kika yanke shawarar yin shiru takunkumi ne, irin wanda ake sa wa dabba don kada ta ci ko ta yi cizo. Takunkumi yana rufe baki, amma halin dabbar yana nan, kuma ranar da ya kwance za ta rama yunwar da ta sha.

Al'adarmu ta koya mana kawaici da kunya da haƙuri, kuma waɗannan dukiya ce da bai kamata mu yi wasa da ita ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne, akwai maganar da binne ta ya fi alheri. Sai dai ita wannan al'adar da ta hana ƙaramin mutum ya dubi babba ya ce masa ya yi kuskure, ta kuma hana suruka ta buɗe baki a gaban dangin miji, ita ce ta buɗe wa fushi ƙofar baya. Kin san yadda ake yi a tsakar gidan haya. Mace tana shara da safe, maƙwabciyarta tana zaune a ƙofar ɗaki tana tankaɗe, sai mai sharar ta dubi kazar da ke tone-tone ta ce, "Ke ma dai ba ki san tsintsiya ba, sai ɓata wuri, wani ya gyara." Kaza ba ta ji Hausa, amma mai tankaɗen ta ji, ta kuma ajiye amsarta sai la'asar, lokacin da za ta yi wa ɗanta faɗa da murya mai ƙarfi a kan masu shiga abin da ba ruwansu. A wannan zamani an ƙara wata hanya, wato a ɗora karin magana a WhatsApp don mutum ɗaya tak ya gani. Mai habaici tana ganin ta kame bakinta tun da ba ta ambaci sunan kowa ba, alhali ta harba kibiya ne ta ɓoye bakan, domin idan aka tambaye ta za ta ce da kaza take.

Littafi Mai Tsarki bai san wannan a matsayin kamun kai ba. A Littafin Firistoci 19:17 an hana mutum ya ƙi ɗan'uwansa a zuci, an kuma umarce shi ya tsauta masa a fili, sai aya ta gaba, ta 18, ta kawo umarnin da kowa ya haddace, cewa ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Ki lura da yadda aka jera su: faɗa wa mutum laifinsa kai tsaye yana zaune kafaɗa da kafaɗa da ƙauna, riƙo a zuci kuwa an lissafa shi da ƙiyayya. Yesu ya maimaita haka a Matiyu 18:15, inda ya ce idan ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka je ka same shi ku biyu kaɗai. Bulus kuma a Afisawa 4:26 bai hana fushi ba, ya dai sa masa iyaka biyu, kada ya kai ga zunubi, kada kuma rana ta faɗi yana nan.

Game da tsoronki na zama abin takawa, ki dubi Ubangiji da kansa a Yahaya 18:22-23. Ana tuhumarsa a gaban Hanana, ɗaya daga cikin manyan firistoci, sai wani dogari ya mare shi. Bai rama ba, bai yi zagi ba, amma kuma bai sunkuyar da kai ya haɗiye ba. Ya tambayi mutumin cewa idan ya faɗi mugun abu a nuna shi, idan kuwa daidai ya faɗa, don me aka mare shi. Magana ce gajera, mai tsabta, ta tsaya a kan abin da aka yi, ba ta taɓa uwa ko uban dogarin ba. Ki kwatanta da Bulus a Ayyukan Manzanni 23, da aka ba da umarni a buge masa baki, sai ya kira mai umarnin farar katanga, daga baya da aka ce masa babban firist ne, ya janye ya kawo nassin da ya hana zagin shugaba. Ina son wannan labari domin ya nuna cewa har manzo bakinsa yakan riga shi, kuma abin da ya yi bayan haka shi ne gyara a take, a gaban waɗanda suka ji.

To, ina ƙarfin yake fitowa? Yakubun da ya kawo misalin linzami shi ne ya ce a aya ta 8 ba ɗan adam ɗin da zai iya horar da harshe. Wannan ya kamata ya sauke miki wani nauyi, domin alkawuran da kike yi wa kanki da dare cewa daga gobe ba za ki ƙara ba, su karye kafin azahar, ba alamar cewa bangaskiyarki ƙarya ce ba ne. Yesu ya ce a Matiyu 12:34 abin da ya cika zuciya shi baki ke fitarwa, kuma guga ba ya ɗebo abin da babu a rijiya. Shi ya sa a Galatiyawa 5:22-23 aka lissafa kirki da tawali'u da kamun kai cikin albarkar Ruhu, wato abin da ke nuna a hankali kamar ƴaƴan itace a kan reshen da ke manne da gindinsa. Kalmar Helenanci da aka fassara kamun kai tana ɗauke da ma'anar riƙe iko a cikin kai, irin na mai mulkin gidansa. Don haka aikin yana da fuska biyu da ba a raba su: roƙon Allah ya tsabtace rijiyar, da kuma koyon riƙe igiyar gugan. Addu'ar Dawuda a Zabura 141:3, cewa Ubangiji ya sa mai tsaro a ƙofar leɓunansa, gajera ce har za ki iya yin ta kina ɗaura kallabi kafin ki fita da bido.

Kada kuma ki raina jiki a wannan sha'ani. Ki lura da lokutan da bakinki ya fi kuɓuce miki, za ki tarar suna da tsari. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwa ya yi kwanaki bai zo ba, kin tashi tun asuba kin sa bido a layi, ba ki karya ba, ƙaramin yaro yana goye yana kuka, a wannan hali ƴar ƙaramar magana takan zama ashana. Ƙarancin ruwa a garin nan tsohuwar matsala ce, yana ma cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da babban birnin ƙasa daga Zinder, wato Damagaram, zuwa Yamai a 1926, kuma ina jin famfo ya haddasa gaba tsakanin mata fiye da kishi. Sa'ad da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna 19, abin da Allah ya fara ba shi abinci ne da ruwa da barci, magana ta biyo baya. Ki sa wani abu a cikinki kafin ki fita, kuma ki yanke tun daga gida abin da za ki ce idan aka ture miki bido, domin a tsakiyar rigima ba a ƙirƙirar magana mai kyau.

Ga yadda nake nufi. Kin dawo kin tarar an mayar da bidonki baya, wata ta sa nata a gaba. Abin da ke zuwa bakinki shi ne ki kira ta marar kunya, ita kuma ta tono miki asali, jama'a su taru. Maimakon haka, ki fara da gaisuwa, domin a wurinmu wanda ya gaishe ka ya riga ya ɗaure ka da kunya, sa'an nan ki tambaya: "Maman yara, ina kwana? Na bar bidona a nan bayan na wance, ko an matsar da shi ne?" Tambaya tana ba ta hanyar fita ba tare da ta zubar da girmanta ba, tana kuma kare ki daga kuskuren da Karin Magana 18:13 ya kira wauta, wato amsawa kafin a ji, domin sau da yawa yaro ne ya matsar da bidon. Idan ta dage, ki faɗi hakkinki sau ɗaya da murya ƙasa, ki kira shaidar wadda ke kusa. Karin Magana 15:1 ya ce amsa mai laushi takan kwantar da hasala, amma karin magana ne, yana faɗin abin da ya saba faruwa. Wata rana za ki yi laushin kuma a ci gaba da zaginki, a ranar sai ki zaɓa tsakanin bido ɗaya da sunanki.

Batun yara ya fi damuna fiye da na famfo, kuma a nan zan yi miki magana ba sassauci. Mun saba da zagin yara har kunnenmu ya daina jin sa. "Ɗan banza", "shashasha", "ba za ka yi albarka ba", ga daƙuwa da hannu, duk muna ɗaukarsu gishirin reno. Abin mamaki, mu ne muka fi kowa gaskata cewa bakin uwa yana kama ɗa, muna kuma neman albarkar iyaye ruwa a jallo, amma uwa takan tsine wa ɗanta sau goma a yini saboda ya zubar da kunu. Yakubu 3:9-10 ya ce da harshe ɗaya muke yabon Uba muke kuma la'antar mutanen da aka halitta cikin kamannin Allah, kuma ɗanki mai shekara bakwai yana cikin mutanen nan. Kolosiyawa 3:21 ya gargaɗi iyaye kada su matsa wa ƴaƴansu har su karaya. Ki tsauta wa yaro a kan abin da ya yi, ki faɗa masa hukuncinsa, ki kuma cika shi, amma ki bar sanya masa sunan da zai girma yana amsawa a zuci. Idan kuwa ya kuɓuce miki, ki kira shi da dare ki ce masa kin yi kuskure da kika faɗi haka. Na san a al'adarmu babba ba ya ba ƙarami haƙuri, amma ban ga inda nassi ya ware iyaye daga wannan ba.

Alheri a magana kuma dabam yake da daɗin baki. ƴan kasuwa a Kasuwar Dole sun iya daɗin baki, haka maroƙa, kuma ba wanda ke cewa ƙauna ce. A Afisawa 4:29, kalmar da Bulus ya yi amfani da ita ga maganar da ya hana tana nufin ruɓaɓɓe, ita ce kalmar da aka yi amfani da ita a Matiyu 13:48 ga kifin da masunta ke zubarwa. Ma'aunin da ya bayar a madadinta shi ne ko maganar tana gina mai ji gwargwadon buƙatarsa a lokacin. Wani lokaci buƙatar ta'aziyya ce, wani lokaci kuwa gaskiya ce mai ɗaci, shi ya sa Karin Magana 27:6 ya fifita raunin da aboki ya yi maka a kan sumbar maƙiyi. Kolosiyawa 4:6 ya ce maganarmu ta kasance da alheri, an kuma gyara ta da gishiri. Mu da ayarin raƙuma suka daɗe suna kawo mana gishiri daga Bilma mun san cewa mai girki da yatsu take ɗibarsa, kuma wadda ta juye kantu guda a tukunya don ta nuna tana da gishiri ta ɓata miyar. Masu cewa "ni dai gaskiya nake faɗa, ko da daɗi ko ba daɗi" galibi kantu suke juyewa.

Tun da kina cikin zumuntar mata, bari in taɓa wani abu da muke yi a ikilisiya, maza da mata. Akwai gulmar da ke sanye da rigar addu'a. Ana cewa, "Mu tuna da wance a addu'a, kun san halin da aurenta ke ciki," sai a zayyana komai dalla-dalla, a rufe da amin. Allah ya san cikakken bayanin, ba ya buƙatar a karanta masa a gaban mata ashirin. Saƙon murya a waya ya ƙara wa abin gudu, domin magana zarar bunu ce tun can, yanzu kuwa bunun da aka zare ana iya tura shi ga mutum ɗari da muryarki a ciki. Karin Magana 26:20 ya ce idan ba itace wuta takan mutu, kuma a gulma kunnen mai sauraro shi ne itacen. Haka ma wasa. Wasan taubasai, da na jika da kaka, da na Barebari da Fulani, abu ne mai kyau da ke sanyaya zama, har hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin gadon ɗan adam a 2014. Amma wasan yana da ƙa'ida, duka ɓangarorin biyu ne ke dariya. Wanda ya soki mutum da gaske sa'an nan ya ce wasa yake yi, Karin Magana 26:18-19 ya kwatanta shi da mahaukaci mai harba kibau.

Akwai kuma nauyin da ke kanmu saboda inda muke zaune. Ƙidayar 2012 ta nuna musulmi sun haura kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar, don haka a gidan hayarki mai yiwuwa ke kaɗai ce Kirista da maƙwabtanki suka sani da kyau. Tun 1924 da masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) suka fara aiki a Zinder ake wa'azi a garin nan, amma yawancin maƙwabtanki ba su taɓa shiga majami'a ba, muryarki ta bayan zana ita suke ji. Su ma addininsu ya hana giba da annamimanci, ya kuma koyar cewa mutum ya faɗi alheri ko ya yi shiru, saboda haka sun san ma'aunin, kuma da shi suke auna ki. Ba mu manta da ranar 16 ga Janairun 2015 ba, lokacin da aka ƙone majami'u a nan Zinder, washegari kuma a Yamai, bayan zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa. Abin da ya fito daga wata ƙasa mai nisa ne ya kunna wutar, kuma abin da ya taimaka aka ci gaba da zama tare shi ne shugabannin ikilisiya sun yi maganar gafara a fili, wasu maƙwabta musulmi kuma sun ɓoye Kiristoci a gidajensu. Idan gardamar addini ta taso a tsakar gida, ki bi 1 Bitrus 3:15-16: ki ba da dalilin begenki ga wanda ya tambaya, da tawali'u da ladabi, kuma kada ki taɓa abin da maƙwabciyarki ke girmamawa da ba'a.

Kada ki ɗauka daga kan tudu nake miki magana. Wata Lahadi na yi wa'azi a kan wannan sura ta Yakubu, mutane suka yaba, na hau kabu-kabu zuwa gida. Da muka isa, yaron ya nemi ƙarin dala goma a kan abin da muka yi ciniki, wai hanyar ta fi yadda na faɗa masa nisa. Na buɗe baki na wanke shi tas, har na ce irinsu ne suka lalata garin, ga Littafi Mai Tsarki a hammatata. Yaron bai ce komai ba, ya dubi littafin, ya dube ni, ya tayar da babur ya tafi bai karɓi ko sisi ba. Na yi kwana uku ina zagaya inda na hau shi kafin in same shi, na biya shi, na kuma ba shi haƙuri a gaban abokan sana'arsa, abin da ya fi kuɗin wuyar fita.

Saura ƙanwar mijinki. Kada ki jira ta fara, domin Matiyu 5:23-24 ya ɗora tafiyar a kan wanda ya tuna, har ya ce a bar baiko a gaban bagade a je a shirya tukuna. Ki sanar da mijinki kafin ki tafi, amma kada ki tafi da shi, kada kuma ki aika saƙon murya. Ki zaɓi lokacin da ba baƙi a gidanta, ki riƙe ɗan abin hannu kamar yadda aka saba, ki gaishe ta gaisuwa cikakkiya. Sa'an nan ki fara da naki laifin, ki ambace shi da sunansa, ki ce habaicin da kika yi ranar suna da ita kike, kuma bai dace ba. Ki guji cewa "idan na ɓata miki rai", domin ku biyun kun san kin ɓata, ki kuma guji liƙa "amma ke ma" a wutsiyar ban haƙurin. Abin da ta yi miki yana da ranarsa, wataƙila ita ce ma za ta tayar da shi, a lokacin sai ki faɗe shi sau ɗaya, a fili, ba tare da jawo abin da ya faru shekara biyar da suka wuce ba. Mai yiwuwa ta karɓe ki da sanyi, ta ce ba komai alhali fuskarta ta nuna akwai. Romawa 12:18 ya ce ki yi zaman lafiya da kowa in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ke hannunki, saboda haka idan ta yi sanyin, ki yi sallama da ladabi, ki koma gida, bayan mako guda ki aika yara su gaishe ta.